Azarar Ɗakin Habi

Soron Abdulƙadiri Falke yana Wurno, a unguwar da ke gangarawa fadama, kuma tun kafin Nasara su ci Sakkwato aka gina shi. Soro ne mai bene, irin wanda baƙo kan tsaya ya ɗaga kai ya kalla. Da mai shi ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, kowa da uwarsa: Habi ce babba, sai ƙanenta Mainasara. Masu rabon gado suka zo suka ci tuwo suka raba. Mainasara ya tashi da gonar fadama da zaure da benen, Habi kuwa aka ba ta ɗakin ƙasa, wanda benen ke zaune a kansa. Har barka aka riƙa yi mata, wai ta huta da hawan matakala, ga sanyi lokacin bazara. Ita ma ta yi murna, don ɗakin uwarta Inno ne, a cikinsa aka yanke mata cibiya.

Shekaru suka tura. Mijin Habi ya rasu a Tursa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya yi rai, sai ta gama takaba ta naɗe tabarmarta ta dawo gidan ubanta. Ɗakin nan shi ne abin da ta mallaka a duniya, shi da gadon icen Inno da 'yan awaki. Ɗaki ne mai faɗi ƙwarai. A nan take kwana, a nan take kaɗi, a nan matan unguwa ke taruwa da hantsi su baje auduga suna gurza suna cin naman mutane.

Sai aka shiga shekarun yaƙi, lokacin da ake kwasar samari ana kai su ƙasar Bama. Nasara suka buɗe baki suna neman shinkafa, ta soja da ta masu haƙar kuza, kuma Mainasara ya sami shiga wurin wani ɗan kwangila na Sakkwato. Shi ke bin garuruwa, Taloka, Goronyo, har Rabah, yana awon shinkafa yana tarawa kafin mota ta zo. Ya yi wuya, ya sayi keke, ya koyi amsa gaisuwa da hanci. Da ya duba gidan kaf, bai ga inda ɓera da danshi da ɓarawo ba sa kaiwa ba sai bene, don haka can 'yan dako suka riƙa hawa da buhuna.

To, daɓen benen Mainasara shi ne rufin ɗakin Habi. Azara ce ta giginya, dogaye masu kauri, an jera su daga bango zuwa bango, an shimfiɗa zana a kai, an zuba ƙasa an daɓe. Shekara da shekaru suna ɗauke da abin da aka ɗora musu ba su ce uffan ba. Yanzu suka fara magana. Da fari ƙasa ce ke zubowa kaɗan-kaɗan a cikin akushi. Daga baya rufin ya yi ciki a tsakiya, har matan gurza suka daina zuwa, kowace da dalilinta na ƙarya. Ran nan da rana tsaka wata azara ta ce ƙas, dunƙulen ƙasa ya faɗo ya fasa randa.

Habi ta sami ƙanenta a zaure yana kallon masu awo.

"Mainasara, ka sabke kayan ga naka. Azara ta karye bisa kaina."

"Haba Yaya, mi kika tsoro? Soron ga tun ba a haihe ni ba shike tsaye. Mota na nan zakkuwa, a kwashe."

Mota ta zo ta kwashe, 'yan dako suka sake cikawa. Ta aika masa limamin unguwa, ya ba limami shinkafa mudu-mudu, limami ya dawo yana ba ta haƙuri. A nan ne Habi ta yi abin da ya zame mata masifa, kuma ni ban ga laifinta ba, don duk mai hankali a unguwar abin da ya ce mata ke nan: wanda ya ɗora kaya shi ke gyara abin da kayansa ya karya, ko yaro ya san haka. Ta yafa zanenta, da ƙafarta ta tafi ta kai ƙara wurin alƙali.

Alƙali tsoho ne mai sanyin murya. Ya saurare ta har ta gama, ya saurari Mainasara, sannan ya tambaya:

"Ke ad da ƙasa, shi ad da bisa?"

"Hakanan na, Allah shi gahwarta Malam."

"To, baiwar Allah, kin kawo ƙarar kanki. Shari'a ta ce icen ruhin ɗaki na mai ƙasa na. Shi ka gyara, shi ka tokare bene in ƙasa ta yi rauni. In ya kasa, a tilasta mai shi saida ma wanda ka iya gyarawa."

Habi ta ɗauka kunnenta ne bai ji daidai ba. Ta ce ai ba ita ta hau da shinkafa ba. Alƙali ya ce wannan magana ce, mai bene ba shi da ikon ɗora abin da ba a saba ɗorawa ba, sai ya juya ga Mainasara. Mainasara kuwa ya zo da tsofaffi biyu, suka shaida cewa marigayi Abdulƙadiri a benen nan yake jibge gishiri da kanwa in ayari ya sauka. Kuma gaskiya suka faɗa, Habi kanta ta tuna. Abin da ba a tambaye su ba shi ne kayan jaki nawa ne, kuma kwana nawa yake yi kafin a kai kasuwa.

Kada wani ya ce an toshe bakin alƙali. Ko goro ba a ba shi ba, abin da ya karanta shi ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona rai, don babu wanda za ka zaga. Ya ba ta wa'adi zuwa faɗuwar ruwan fari. In damina ta sauka ba a gyara ba, ɗaki ya tafi ga mai iya gyara. Duk wanda ke zauren ya san ko wane ne mai iyawar, yana zaune yana gyara zaman hularsa.

Ta kira Mode magini, wanda uwarsa ƙawarta ce. Mode ya hau kan turmi, ya bi azarar ɗaya bayan ɗaya yana sokawa da wuƙa, ya sauko yana karkaɗe ƙasa daga gemu.

"Gwaggo, azarag ga namijin giginya ta, gara ba ta taɓa ta ba. Kawunanta na sunka ruɓe cikin bango, ga kuma nauyi ya kwantar da tsakiya. In an samu dogaye irinta, sai in huda bango in zura su tsakanin tsohhin, su amshi kayan. Ɗakinki shina nan yadda shike."

"In ba a samu dogaye ba hwa?"

"Sai ginshiƙi."

A da, mai son azara gatari yake ɗauka ya nufi bakin gulbi. Yanzu giginyar da Allah ya shuka ta zama ta Gwamna, an yi mata shaida a gindi, wanda ya sare ta sai gidan yari. Habi ta je wurin malamin daji, wani saurayi mai gajeren wando da ta girmi uwarsa. Ta durƙusa masa. Ya ce wadda aka yarda a sare bana duk ta gyaran bariki ce da gada, ta dawo bayan damina a duba. Ta ce bayan damina ba ta da ɗakin da za a sa wa azara. Ya ce Allah ya kyauta, ya hau kekensa.

Alhali ga dogayen azara nan jingine a bayan zauren Mainasara, sababbi, ya samo su ta hannun ɗan kwangilarsa don shagon da zai gina a kasuwa. Kullum sai ta wuce su in za ta ɗebo ruwa. Sai da ta kwana biyu tana haɗiye zuciya kafin ta iya buɗe baki ta roƙe shi aro, ta ce in an buɗe daji ta biya shi da irinsu.

"Yaya, ai don ɗakin ga nika aje su," in ji shi, har da murmushi. "Ranad da yaz zama nau, da sahe Mode ka zura su. Ke kau in yi miki bukka mai kyau can baya wajen awaki. Mi za ki yi da ƙaton ɗaki ke ɗai?"

Ta dube shi. Ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke jinya, a bayanta ya yi ƙyanda. Ba ta tuna masa ba. Ta ce da ta sayar masa da ɗakin Inno gara benen ya faɗo ya rufe ta, a huta da haƙa kabari.

Washegari ta kama hanyar Tursa. Ɗakin aurenta yana can, damina biyu ta cinye rufinsa tun da ta bar shi, amma azarar na nan cikin ɓaraguzai. Ƙanen mijinta mutumin kirki ne, ya ce ta kwashe, har ya sa hannu suka tono. Awakinta suka tafi wurin masu jakai da Mode a bakin ladan aiki. Da jakai suka sauke kaya a ƙofar gida, matan unguwa suka yi guɗa, Habi ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Mode kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɗaya ya gwada da kamu, ya ajiye. Ɗakin Tursa ƙarami ne, ɗakin talaka, azararsa ko rabin faɗin ɗakin Inno ba ta kai ba.

Ya zana mata a ƙasa da tsinke. Za a ta da ginshiƙi biyu na tubali a tsakar ɗaki, a gitta gajerun azarar daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa bango, su tallafi tsofaffin daga ƙasa. Ta dubi zanen ta ga biyu ba komai ba ne, gado zai zauna ta gabas, kayan kaɗi ta yamma. Ta ce a fara.

Ba ta da abin biyan lebura, don haka ita ce leburan. Tsohuwar da ta ba hamsin baya, ita ke zuwa kududdufin bayan ganuwa cikin zafin bazara, ta kwaɓa ƙasa da ƙafa, ta cuɗa da ciyawa, ta mulmula tubali ta jera a rana. Matan gurza, kunya ta kama su, suka riƙa taya ta jan ruwa. Ƙafafunta suka tsage, bayanta ya ƙage, amma kowane tubali ta ɗora a kai sai ta ji kamar ta mari Mainasara ne, kuma wannan ya fi mata fura.

Kafin a ta da ginshiƙi sai an ɗaga rufin da ya kwanta, a tokare shi da ice mai gwafa. Mode ya ce a sauke shinkafa tukuna, ko na kwana kaɗan ne. Mainasara ya ce ba shi da inda zai kai ta, kayan Gwamna ne, in ɓera ya taɓa wa zai amsa? Alƙali dai bai ce a sauke ba. Mode ya so ya yi gardama, sai ya tuna wa zai ba shi ginin shago a kasuwa, ya koma kan aikinsa. Haka aka ɗaga rufi da kayansa a kai. Suna cikin buga tokara ta biyu, azarar da ke kusa da ƙofa, wadda wuƙa ta ce lafiyarta lau, ta tsage tun daga bango.

"Gwaggo, sai an ƙara ginshiƙi guda nan."

"Ƙara," in ji ta.

Da ginshiƙan suka kai rabi, nauyin da aka kora daga tsakiya ya koma kusurwar gabas, bango ya fara buɗe baki a ƙarƙashin ruɓaɓɓun kawunan. Nan ma sai an ƙara, kuma sai an yi wa bangon riga, wato a ƙara masa kauri daga ciki don gajerun su sami wurin zama. Ginshiƙin ƙasa kuwa ba sanda ba ne. In zai ɗauki bene, gindinsa sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Mode ya gaya mata, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ajiye tubalin da ke hannunsa ya ce:

"Gwaggo, ki duba da kyau. Ɗakin ga shina ƙarewa."

Ita kuwa a lokacin sama take kallo. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, iska na kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani gari. Idonta ya rufe, ba ta ganin komai sai wa'adin alƙali da murmushin Mainasara. Ta ce ko guda nawa ne a yi, ita dai kada ruwa ya taɓa ƙasa ba a gama ba. Ta koma kududdufi.

An gama kuwa. Aka gitta azarar Tursa, aka cusa gutsattsarin ice a tsakani ana bugawa har sabuwa ta karɓi tsohuwa, aka cire tokara, rufi bai motsa ba. Alƙali ya aiko muhutinsa, wato mataimakinsa, ya gani. Muhuti mutum ne mai jiki, sai da ya tattare riga ya shiga a karkace, ya ɗaga kai, ya bubbuga ginshiƙi da sanda, ya fito yana haki.

"Aiki ya yi. Ban taɓa ganin bene da yas samu gata irin wanga ba. Ɗaki naki na, Habi, babu mai amshe miki."

Aka yi guɗa, aka yi mata barka. Bayan kwana biyu ruwan fari ya sauka.

Ranar da muhuti ya tafi aka ɗauko gadon Inno daga inuwar da ya yi zaman jira. Aka juya shi ta tsaye, aka juya shi ta kwance, ya shiga ƙofa ya ci karo da ginshiƙi. Aka fito da shi. Habi ta ce ba komai, tabarma ma kwana ce. Ta shiga da tabarma tana neman inda za ta shimfiɗa, duk inda ta sa sai gefe ɗaya ya hau gindin gini. Abin da ya rage na ɗakin 'yan lunguna ne masu duhu, mutum ya bi a karkace ya fito a karkace. Da la'asar ta yi ta fuskanci gabas a lungun da ya fi faɗi, ta kabbarta, ta sunkuya ruku'u, goshinta ya daki tubalin da ita ta mulmula. Sai a tsakar gida ta rama sallar.

Ta jure abin da ta iya. Takan kwana a naɗe kamar kifi a tukunya, ta tashi wuya ya ƙi juyawa. Ga danshin sabon gini, ga sauro ya sami gida. Matan gurza suka leƙo sau ɗaya suka ce masha Allahu, ba su sake dawowa ba, don ina za su zauna? Ta fara tari. Da aka yi ruwa na uku ta zauna a bakin ƙofa ta yi lissafin da ya kamata a ce ta yi tun a kududdufi: awaki sun tafi, azarar Tursa ta shige gini, ƙarfinta ya bi tubali. In ta sayar yanzu, ko ba komai ta sami abin yin bukka a inda za ta miƙe ƙafa, ba a wajen awakin wani ba.

Da hantsi ta shiga zaure. Mainasara na zaune a kan buzu, 'yan dako na sauke sabon awo daga jakai. Ta tsaya a gabansa ta ce:

"Mainasara, na zaka in saida ma ɗakin."

Ya miƙe tsaye, abin da ya daɗe bai yi mata ba. Ya jawo mata tabarma, ya ce a kawo wa Yaya ruwa.

"Subhanallahi! Ɗakin Inno? Da wane ido za ni duban mutane, a ce na raba yayata da ɗakin uwatta? Shari'a ta ba ki abinki, kin sha wahala kin gyara. Wallahi ba ni taɓa shi."

"Kai kac ce kana so. Da bakinka kac ce."

"Wancan lokacin bene na ka shirin hwaɗuwa, Yaya. Yanzu kau alhamdu lillahi. Kuma ke ma ki duba, mi za ni sa ciki? Ko buhu guda ba shi shiga."

Ba ta sha ruwan ba. Ta dafa ƙasa ta tashi, gwiwoyinta na ƙara. Bai ma jira ta kai ƙofa ba ya juya ga 'yan dako, ya ce kayan da aka saba bari a zaure don tsoron nauyi shi ma a hau da shi, daɓen yanzu yana ɗauka. Suka sunkuya suka saɓa buhuna suka nufo ƙofar cikin gida a jere. Habi ta manne da bango ta ba su hanya.